An cire sunana daga tallafin karatun garinmu, wai Baba baƙo ne

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Ni marainiya ce, shekarata 19, Baba ya rasu shekara uku kenan. Bana Allah ya taimake ni na samu admishan a wata jami'ar tarayya, aikin jinya aka ba ni, kuɗin rijista da sauran tarkace ya kama kusan dubu 160 kuma saura sati uku a rufe fotal. Ƙungiyar ci gaban garinmu tana da asusun da take biya wa ɗalibai duk shekara, na cike fom na je intabiyu, sunana ya fito a lis ɗin farko da aka liƙa a bangon sakatariya, bayan kwana huɗu aka liƙa wani babu ni. Da na tambaya sai aka ce wai Baba ba ɗan asalin gari ba ne, zuwa ya yi. Anti shekara 30 Baba ya yi a garin nan yana ɗinki, a nan ya auri Umma, a nan aka haife mu, a nan aka binne shi, kuma Umma ta ce duk wata yana biyan kuɗin ƙungiya. A sabon lis ɗin akwai 'ya'yan mutum biyu da suke cikin kwamiti. Kawuna ya ce in haƙura sai baɗi ko kuma in yi aure. Wani ɗan kwamitin kuma ya karɓi lambata yana ta kira da daddare wai in same shi ni kaɗai zai san yadda za a yi. Ƙawayena sun ce in rubuta a Facebook in tona musu asiri. Kaina ya kulle, me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ke kuma barka da samun gurbi, don wallahi ba ƙaramin abu kika yi ba, kwas ɗin nan 'ya'yan masu hali ma sai su shekara biyu uku suna bin sa ba su samu ba. Sau biyu na karanta saƙonki, karatun farko raina ne ya ɓaci, a na biyu sai na ɗauko biro na fara lissafi, don sati uku bai ishe mu mu tsaya ɓacin rai ba.

Mu fara kawar da mai kiran daren nan. Kar ki je. Ko da rana tsaka ne kar ki je ke kaɗai, kuma in ba ki gaya wa Umma ba to ki gaya mata yau ɗin nan. In ya sake kira ki miƙa mata wayar, ta ce masa Alhaji mun gode da kulawa, gobe kawunta zai kawo ta ku yi maganar, za ki ga yadda zancen zai mutu murus. Saƙonninsa kar ki goge, kar kuma ki tura wa ƙawaye, ki adana su kawai. Sannan ki sani abin da yake nuna miki yana da shi ɗin ma ba shi da shi, asusun ƙungiya irin wannan a banki sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kuɗi yake fita, mutum ɗaya ba ya zama a ɗaki ya mayar da suna lis.

Maganar Facebook kuma ban yarda ba, aƙalla ba yanzu ba. Ƙawayenki za su yi miki sharin su yi kwamen na kwana biyu su koma harkarsu, ke ce za ki ci gaba da bi ta ƙofar gidan mutanen nan, Umma ce za ta haɗu da matansu a gidan biki, kuma kina da ƙanne da za su zo neman wannan tallafin bayanki. A ƙaramin gari da zarar an ce yarinya ta zagi dattawa a waya shikenan magana ta tashi daga kan haƙƙinki ta koma kan tarbiyyarki, har wanda yake tausayinki a cikin kwamitin sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Su 'ya'yan 'yan kwamitin ma ba ki da tabbas a kansu, ta yiwu alfarma ce, ta yiwu kuma sun cancanta, ɗan kwamiti yana iya zama malamin firamare mai 'ya'ya tara. Ki bar su, ba su ne shari'arki ba.

Bari in ba ki labarin yadda irin wannan asusun yake daga ciki, don na taɓa riƙe wa ƙungiyar unguwarmu littafi na wasu shekaru. Ranar ƙaddamarwa za ki ga rumfuna da kujerun haya, mai gabatarwa yana ta kwarara murya a lasifika, Alhaji wane ya ba da kaza, a yi kabbara, mai girma wane ya aiko wakili da alƙawarin kaza, a yi tafi, in kika tara abin da aka faɗa a bakin lasifika sai ki ɗauka har 'yan garin maƙwabta za a biya wa. Washegari ma'aji zai hau babur ɗinsa ya fara zarya, yau Alhaji ya yi tafiya, gobe yana barci, jibi a dawo ƙarshen wata. Kuɗin da yake shigowa da gaske na ƙananan mutane ne, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, mai shayi, mai faci, teloli irin Babanki, ɗari biyar ɗin nan da dubu ɗayan da suke kawowa duk wata ba tare da an kira sunansu ba. To sai a fitar da lis bisa alƙawuran da aka ji, daga baya a duba asusu a ga ba zai ɗauka ba, dole a rage mutane. A nan ne ake neman wuƙar yanka, kuma wuƙar da ta fi kowacce sauƙi ita ce ta ba ɗan gari ba ne. In aka cire ɗan wane, ubansa zai zo har gida da yamma ya zauna a tabarma ya ƙi tashi. In aka cire 'yar wance, kakanta ne limamin unguwa. Ke kuwa Baba ya rasu, danginsa suna can nesa, sun lissafa sun ga babu wanda zai zo. Ina kyautata zaton yawancinsu ba ƙinki suke ba, cire ki ne kawai bai da tsada. Aikin da ke gabanki a satin nan shi ne su ga cewa akwai masu zuwa, kuma masu zuwan manya ne, da takarda a hannu, cikin ladabi.

Takardar farko tana ɗakin Umma. Ku buɗe akwatin Baba ko jakar da yake ajiye littafin awon kwastomomi, ku nemo katin ƙungiya ko rasit, ko guda uku ne, ko sun yi ja sun cinye a gefe. Tela mutum ne mai adana takarda, zan yi mamaki in ba a samu komai ba. In ma ba a samu ba, ma'ajin ƙungiya yana da babban littafin nan mai kwali da ake rubuta sunan kowa da watan da ya biya, sunan Baba yana ciki in dai maganar Umma haka take, kuma abokan sana'arsa da suke zuwa taro tare suna nan da ransu. Abu na biyu shi ne kundin tsarin ƙungiyar. Duk ƙungiyar da ta yi rijista da hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC sai da ta miƙa rubutaccen tsarin mulkinta, wadda ba ta yi ba ma yawanci akwai 'yan shafukan da aka buga tun kafuwa. A nemi sakatare ya nuna inda aka rubuta waye ɗan ƙungiya kuma 'ya'yan wa ake biya wa. In an rubuta mamba ko mazaunin gari, magana ta ƙare. In kuma babu abin da aka rubuta sam, wanda shi na fi zato, to tambaya ɗaya ce dattijon da zai raka ki zai yi, ya ce ranka ya daɗe, duk shekarun da marigayi yake kawo kuɗinsa ana karɓa ana rubutawa, an taɓa ce masa baƙo ne? Daga nan ya yi shiru ya bar su da ita.

Wa zai je? Ba ke da Umma kaɗai ba, kar a mayar da abin koke-koken mata a ba ku haƙuri da dubu biyar na mota. Kawu ne a gaba, sai limamin da ya sallaci Baba, sai shugaban teloli ko wani tsohon abokin Baba da ake jin maganarsa, in mai unguwa zai yarda ya haɗa ku da ɗan aike ma ya yi kyau. Kuma gidan ciyaman ɗin ƙungiyar za a je, ba sakatariya ba, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar lokacin da yake zaune a zaure, don a ofis mutum yana fakewa da kwamiti, a zaurensa kuwa kunyar baƙi yake ji. Ke ki sa hijabinki ki gaishe shi ki zauna daga gefe, ki bar manya su yi magana sai in an tambaye ki. Ki riƙe fayil ɗaya, a ciki akwai wasiƙa shafi ɗaya tak da kika rubuta da hannunki, takardar admishan, sakamakon JAMB da na WAEC ko NECO, kwafin rasit ɗin Baba, da takardar biyan kuɗin da kika ciro daga fotal mai ɗauke da lambar biya ta RRR da ranar da za a rufe. Kwafi za ki bayar, na asali su zauna a gida.

A wasiƙar kar ki sa kalmar zalunci, kar ki ambaci ɗan kowa, kar ki ambaci mai kiran dare. Ki ce sunanki ya fito a jerin farko bai fito a na biyu ba, kina roƙon a duba ko kuskure aka samu, ga shaidar mahaifinki ɗan ƙungiya ne har ya koma ga Allah. Kalmar kuskuren nan da gangan na sa ta, hanya ce kika bar musu da za su gyara ba tare da an ce sun ji kunya ba, dattijo in ka matse shi a lungu sai ya kafe ko da ya san bai da gaskiya. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Sannan ki sauƙaƙa musu, ki ce ko rabi aka samu kin gode, kuma ba sai an damƙa miki kuɗi a hannu ba. Masu riƙe da irin wannan asusun sun sha ganin yaron da aka ba kuɗin makaranta ya je ya sayi waya, shi yasa in suka ji ɗalibi da kansa yana cewa a riƙe kuɗin a haɗa da sauran a biya makarantar kai tsaye ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, hankalinsu yana kwanciya da shi.

Yanzu Kawu. Na san kin ji haushinsa, amma ni ban ɗauke shi mugu ba. Sau da yawa in namiji ya ce a haƙura sai baɗi, fassararsa ita ce ba ni da shi kuma ina jin nauyin in faɗa. Ki je ki same shi ke da Umma ki ce Kawu ni ba kuɗinka nake nema ba, ƙafarka nake nema da babbar rigarka, ka shige mana gaba. Za ki ga ya saki jiki. Ki kuma yi masa bayanin abin da baɗin take nufi, don shi a ganinsa gurbin zai zauna yana jiranki kamar fili. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ya wuce sai sabon fom, sabuwar jarrabawa, sabon sikirinin, kuma babu wanda ya yi miki alƙawarin za a sake ba ki aikin jinya, kuɗin rijistar ma ba jiranki zai yi a inda yake ba. Aure kuwa alheri ne ba na faɗa da shi, mata nawa ne suke zuwa lakca da goyo, amma ki tambayi Kawu cikin wasa, gado da katifa da kujeru da kayan kicin nawa suke kamawa yanzu? Ai sun ninka dubu 160 ɗin nan ba sau ɗaya ba.

Kuma wannan ce ma ta kawo ni kan abin da ya fi ci min rai a al'adarmu. Da yau aurenki aka sa sati uku, wallahi da kin ga ikon Allah, gwaggo za ta kawo kula, inna za ta kawo zannuwan gado, maƙwabciya ta ɗauki nauyin labule, 'yan ƙungiyar su Umma su haɗo gudummawa a ambulan, babu wanda zai kira shi roƙo saboda kowa ya san biki ne, yau naka gobe na wani. Amma a ce karatu sai kowa ya sunkuyar da kai. To Umma ta yi amfani da wannan hanyar da aka riga aka sani. Duk gidan da ta taɓa kai gudummawar biki ko suna ta aika musu cewa ga bikin 'yarta ya zo, na makaranta ne. Dubu 160 in kika kalle ta a dunƙule dutse ce, amma mutum 16 ne masu dubu goma-goma, ko 32 masu dubu biyar. Ki samu littafi ki rubuta sunan duk wanda ya bayar da abin da ya bayar. In Umma tana adashi ta roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukar wannan watan ta yi musanye da wata, ana yi, ba sabon abu ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi ƙanwata.

Abu ɗaya dai, in keken ɗinkin Baba yana nan kar a sayar. Na san shi ne abin da ido zai fara kaiwa. In kin iya taka shi ko gyaran hijabi da rage siket ne, to abincinki na shekarun makaranta yana jikinsa, hostal ɗin mata ba ya rabuwa da mai neman a ɗan kama mata riga.

Sai kuma wani abu da ban ji kin ambata ba sam, garin su Baba. Su waɗannan da suka ce zuwa ya yi, ai daga wani wuri ya zo ko? A tsarin Najeriya takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma galibi bin uba take yi, kinga kenan a can ke 'yar gari ce cikakkiya ko da sau biyu kika taɓa zuwa. Ki duba jiha da ƙaramar hukumar da kika cike a JAMB, ki tabbatar sun dace da takardar asalin da ke hannunki da abin da ke kan NIN ɗinki, don saɓani a nan yana jawo wahala daga baya. Umma ta kira baffanninki ta gaya musu 'yar ɗan'uwansu ta samu jami'a, a tambaya ko garin yana da tasa ƙungiyar, ko ɗan majalisarsu ko ciyaman ɗin ƙaramar hukuma yana biya wa ɗalibai, da yawa suna yi musamman in zaɓe ya matso, kuma ba laifi ba ne ki karɓa, dukiyar jama'a ce. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ma da wannan takardar take aiki. Ki tuna a 2023 da jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗi, gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 a Jami'ar Bayero, sharaɗin shi ne ka zama ɗan jiha. Irin wannan in ta faɗo, wanda takardunsa suke a shirye shi yake samu. Sikolashif ɗin jiha dai kar ki sa shi a lissafin sati ukun nan, yana da jinkiri kuma ba shi da yawa, na gaba ne.

Haka NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya. An sa hannu a dokarsa da aka sabunta a Afrilun 2024, aka buɗe fotal a watan Mayu na shekarar, kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne irin taki. Babu ruwa a ciki, kuɗin makaranta kai tsaye suke tura wa jami'a, sannan in kin nema akwai dubu 20 duk wata na kashewa da yake shiga asusunki. Biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Za su nemi lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sai makarantarku ta tura musu sunanki tukunna fotal ɗin zai gane ki. Bashi ne, ki sa wannan a ranki, ki kuma yi shawara da Umma kafin ki cike. Amma ni a ganina marainiyar da za ta fito da shaidar aikin jinya a hannu ba ta da dalilin gudun bashin da babu ruwa, ya fi ki zauna duk shekara kina jiran ko lis zai fito da ke. Matsalarsa ɗaya, ba ya sauri, kar ki zauna jiransa fotal ya rufe.

Gobe ko jibi ki shirya ki je jami'ar da kanki, ofishin shugaban harkokin ɗalibai, ki faɗi halin da kike ciki ki tambaya abu uku: ko ana karɓar biya kashi-kashi, ko akwai rijistar makara da tararta nawa ce, da kuma ƙa'idar ɗage karatu zuwa wata shekara in abin ya ƙi gaba ɗaya, don kowace makaranta da nata tsarin kuma gara ki ji daga bakinsu da ki ji a guruf ɗin WhatsApp. Kina can ki nemi masallacin makaranta ki tambayi 'yan MSSN, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ƙungiyar ɗaliban jiharku, su ne suka san wane malami ko wane bawan Allah ne yake biya wa marayu a ɓoye, irin labarin da ba a liƙa shi a allo. Shugabar sakandaren da kika gama ita ma ki kai mata takardar admishan ɗinki ta gani, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da 'yan kuɗaɗensu kuma suna son a ce ga 'yarsu a jami'a.

Zakka ma haƙƙinki ce, ba alfarma ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba, faƙirai da miskinai ne a farko, kuma gidan da mai nema ya rasu ya bar mace da yara ba sai an yi dogon bincike ba. Jihohi irin Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka na gwamnati, amma wadda ta fi saurin zuwa ita ce ta ɗan kasuwar da liman zai je ya same shi a shago ya ce Alhaji ga 'yar marigayi wane tela, ga takardarta. Shi yasa nake ta nanata liman ɗin nan, kalmarsa ɗaya ta fi wasiƙarki goma.

Ki yi hattara da 'yan damfara, don yanzu ne za su fara faɗo miki kamar sun ji ƙanshi. Duk link ɗin da aka turo wai wata gidauniya tana raba dubu ɗari ga ɗalibai a tura wa mutum goma, duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki yanzu, ɓarawo ne, ki kashe wayarki.

To in an je gidan ciyaman aka buɗe kundi aka ga da gaske an rubuta sai ɗan asali fa? Sai ku karɓa da mutunci, kar a yi musu. Amma kafin a tashi liman ya ce to ranka ya daɗe, ƙungiya ta ɗaure hannunka, aljihunka fa? Ba mamaki abin da za a samu a zauren nan ya fi abin da ke cikin lis ɗin, don mutum in ya san an yi wa maraya ba daidai ba yana neman inda zai wanke kansa. Sannan Kawu da abokan Baba su riƙe maganar su kai ta babban taron ƙungiya, a tsayar da magana ɗaya, ko dai a daina karɓar kuɗin wanda ake kira baƙo ko kuma a riƙa biya wa 'ya'yansa. Ba ku kaɗai ba ne a garin, akwai mahauta da direbobi da ma'aikatan da aiki ya kawo su suka zauna, duk suna biya kuma duk ranar da aka zo rabo haka za a yi musu. Maganar mai kiran dare kuma bayan kin gama rijista Umma ta sanar da liman a sirrance ta nuna masa saƙonnin, don ba ke ce ta farko ba kuma akwai 'yan mata a lis ɗin baɗi.

In Allah ya sa suka mayar da sunanki, ko rabi suka bayar, kar ki ɓace. Wannan ita ce cutar da take kashe asusun gari, a biya wa yaro ya tafi ko waiwaye babu, sai an gan shi da rigar bautar ƙasa a hoto, masu bayarwa su ce to mu me muka gani. Duk ƙarshen zango ki ciro sakamakonki ki kai wa sakatare kwafi da 'yar wasiƙar godiya layi uku, ki kai wa liman, ki tura wa baffanni. Tallafin nan na shekara ɗaya ne, baɗi sabon nema ne, ga hostal ga abinci ga yunifom da kayan firaktikal suna tafe, kuma manyan sikolashif na kamfanonin mai da na sadarwa sai kin shiga aji suke duba makinki, wanda ya yi wasa da shekarar farko ya fita daga layinsu tun kafin a buɗe.

Yau da daddare ku buɗe akwatin Baba ke da Umma. Gobe da safe Kawu, da yamma liman, jibi makaranta, kafin Juma'a a je gidan ciyaman, littafin gudummawa kuma ya fara zagayawa tun yanzu ba sai an ji amsarsu ba. Ki rubuto min bayan Juma'ar ki gaya min nawa aka haɗa da abin da aka ce a zauren, in da saura mu san inda za mu sake ƙwanƙwasawa. Ki gaishe min da Umma.